Mikiyar da Ta Fi Kabad

Litinin, 4 ga Satumba

Na dawo daga wurin likitan ido. Na dama ya riga ya tafi tuntuni, wannan ba labari ba ne. Na hagun ne yau likitan ya daɗe yana haskawa. Can ya ce, "Baba, gefe da gefe yana rufewa. Tsakiyar ce ta rage, ita ma ba zan yi maka alkawari ba." Na ce zuwa yaushe? Ya ce shi ba ya sa wa ido rana. Ya ƙara mini maganin ɗigawa.

Yadda nake gani yanzu, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabana tar nake ganin sa, amma kofin da ke gefen hannuna sai na juya kai kafin in san yana nan.

Auta ce ta kai ni. A mota sai jan hanci take yi. Cikin 'ya'yana ita kaɗai ta rage kusa, ga aiki, ga nata gidan. Da ta tafi na zauna a bakin gado na ɗaga kai. Kwalaye biyar a saman durowa. Na yanke shawara. Sai na ga mikiyar nan da ke cikin ɗayansu a tsaye kafin bututun ya toshe.

Laraba, 6 ga Satumba

Na roƙi mai wankin da ke ƙofar gaba da tawa ya sauko mini da kwalayen. Shekara da shekaru gaisuwa kawai ke tsakaninmu, yau ya fara taka falona.

Mutum-mutumi ne manya, irin waɗanda ake tarawa don kallo. Na saye su ɗaya bayan ɗaya lokacin ina aiki a ofishin awon ƙasa, a wani shago da ya daɗe da rufewa. Da wani irin ƙaro mai tauri aka yi su, nauyi kamar dutse, saurin karyewa kamar tangaran. Marigayiya 'yan haya take kiran su. "Malam, 'yan hayarka na saman durowa, ba gaisuwa, ba shara." A lokacin gida cike yake da yara, ƙwallo na shawagi a falo, kullum sai in ce sai an samu wuri. Yanzu wuri ya samu. Har ya yi yawa.

Na buɗe huɗu. Ɗan sama jannati. Mai nutso da hularsa ta tagulla. Maƙeri ya ɗaga guduma. Zaki. Kowanne ya kai kamu guda a tsayi. Na manta kyansu, wallahi na manta. Jijiyoyin hannun maƙerin nan! Har gumi aka yi masa a goshi. Wani bawan Allah ne ya zauna da ɗan tsinke ya yi wannan, ban san sunansa ba, bai san nawa ba.

Na biyar ban taɓa ba. Mikiya ce da mutum a bayanta. Sau ɗaya na ɗaga murfin, ranar da na saya, na ga soso da takarda na mayar. Hoton jikin kwalin kaɗai na sani, shi ma daga gefe aka ɗauke ta. Hannuna yanzu rawa yake, ba zan fara ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Mun zaga shagunan kayan ɗaki ni da Auta. Ƙafata ta gaya mini.

Ashe kabad ɗin gilashi ma duniya ce. Akwai mai katako mai kauri, kyakkyawa, amma katakon ya cinye rabin kallo. Akwai mai ƙofar ja, sai dai inda ƙofofin suka haɗu akwai rata, ƙura za ta shiga ta yi ɗaki. Wani kuma siriri, na ɗan taɓa shi sai ga shi yana rausaya. A shago na ƙarshe muka ga wanda ya kwanta mini: gilashi gaba da gefe, siririn ƙarfe a kusurwa, madubi a baya, fitila a sama. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta kunna fitilar. Ba komai a ciki amma sai da na tsaya kallo. Haske a kulle cikin akwati.

Na fito da awona. Jiya na auna kwalin mikiya tsawo da faɗi da zurfi, da inci, yadda aka koya mana. Lissafina mai sauƙi ne: abin da ke cikin kwali ba zai fi kwali girma ba. In an cire kanta biyu, kwalin ma kansa zai shiga.

Auta ta ce, "Baba, da an buɗe an gani tukuna mana."

Na ce mata na auna filaye tun ba a haifi mijinta ba. Mun saya.

Talata, 12 ga Satumba

An kawo kabad a wargaje, shagon suka haɗo ni da mai haɗawa. Mai Gilashi. Ƙato ne, ya ba hamsin baya, ga tumbi, ga surutu, amma in ya ɗauki gilashi sai ka ce jariri ya ɗauka. Ya ɗora wani ƙarfe mai kumfar ruwa a ƙasa, ya duba, ya ce, "Baba, falonka gangara yake. A nan in ka ajiye ƙwai sai ka same shi a kicin." Ya sassaƙa katako ya cusa a ƙarƙashin ƙafa biyu. Ya huda bango ya ɗaure kabad ɗin ta baya, wai kada wata rana in dafa shi ya biyo ni.

Na ba shi awona da inci, ya ce rabon da ya ji inci tun kakansa. Ni ma na ce masa santimita awon masu gaggawa ne. Ya yi dariya har tumbin na rawa.

Shi ya saka huɗun da hannunsa. Ya rufe, ya kunna fitila.

Ikon Allah. Ba su ne na gani a kan tebur ba. Hular mai nutso ta kama wuta. Zakin kamar zai yi numfashi ya bar tururi a jikin gilashin. Na tsaya har gwiwata ta fara kuka. Mai Gilashi ya jawo mini kujera bai ce uffan ba, a nan na gane surutunsa yana da birki.

Juma'a, 15 ga Satumba

Na fasa kofi. Yana gefen hagu, ban gan shi ba. Na biyu ke nan a makon nan.

Asabar, 16 ga Satumba

Auta ta zo buɗe mikiya. Na ce ta wanke hannu, ta ce, "Baba, tiyata za mu yi?" Amma ta wanke.

Ta ɗaga soson farko. Gangar jiki, kai, ƙafafu a kan dutse, ɗan mutumin da ke riƙe da wuyanta. Daidai da lissafina. Sai ta ɗaga soso na biyu.

Fuka-fukan daban aka kwantar da su a ƙasa, ɗaya a kan ɗaya. Kowane ɗaya ya kusa tsawon kwalin gaba ɗaya. Ta shimfiɗa su a kan katifa, dama da hagu, jikin a tsakiya. Sun cika gadon daga wannan baki zuwa wancan.

Ban san wanne ya fi ƙarfi a raina ba, kunya ko mamaki. Gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jijiyarsa, baƙi yana komawa ruwan ƙasa yana komawa ruwan zuma a baki-baki. Shekarun nan duka wannan yana kwance a saman kaina ina barci.

Auta ba ta ce "ai na faɗa" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "A haɗa a kan tebur ka gani kawai, Baba."

Ba zai yiwu ba. Kowane fiffike da sandar ƙarfe yake shiga jikin, takardar cikin kwalin ta ce a haɗa a inda za ta zauna, kada a ɗaga bayan nan. Ni kuma mai fasa kofi ne. In na wuce ta gefenta sau ɗaya da gwiwar hannu, shi ke nan. Sai a bayan gilashi.

Mun mayar da komai cikin soso.

Alhamis, 21 ga Satumba

Mai Gilashi ya zo ya ga fuka-fukan. Ya cire hula ya sosa kai. "Baba, wannan ba kabad take so ba, gareji take so." Tun daga nan ya sa mata suna kazar Baba.

Ya auna. Faɗin ya ninka kabad ɗina, zurfin ma ya gaza da kamar tafin hannu saboda jela. Ga shawararsa: a sayo kabad na biyu irin wannan sak, a jera su, a cire bangon tsakiya su zama ɗaki ɗaya. A tura bayan da katako don jela ta samu wuri. Huɗun su koma ƙasa, ita a sama a kan katako mai ƙarfe a ƙarƙashi, don kantar gilashi ba za ta ɗauki nauyinta ba.

Akwai kanta ɗaya da yake so ya rage, ya yi wa zaki ɗan dandamali da ita. Ya juya ta, ya duba kusurwoyi yana neman tambari bai gani ba. Ya ce to ba gasasshen gilashi ba ne, zai yanku. Ya ja layi da abin yankansa, ya ɗan danna.

Tas! Ban ga lokacin da ta fashe ba. Kanta ce a hannunsa, sai kuma babu kanta. Ƙananan duwatsu masu ƙyalli ko'ina, har cikin takalmina, kuma suka ci gaba da ɗan ƙara su kaɗai a ƙasa, ƙis, ƙis, kamar masu rai.

Ya tsaya da hannu biyu a buɗe, ba komai a ciki. Can ya ce, "To, gasasshe ne."

Na yi dariyar da rabona da ita tun marigayiya na da rai, har da tari. Yana shara yana yi mini bayani. Wai irin wannan gilashin a wuta ake gasa shi a huce shi da sauri, sai ya zama a ɗaure yake ciki da waje. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, in ya fashe ba ya yanka mutum, amma bayan gashi ba a yanka shi, ba a huda shi. Yadda ya fito haka zai mutu. Ya ce laifinsa ne, zai kawo wata.

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na ɗaga ta saitin taga. Har da bakan gizo a ciki.

Litinin, 25 ga Satumba

Kabad na biyu ya iso. Falo ya zama shagon kafinta. Huɗun sun koma kan tebur, na lulluɓe su da zanen gado, ina bin bango in zan wuce.

Alhamis, 28 ga Satumba

Mun yi faɗa da Auta.

Da aka jera kabad biyun sai ga ƙarfen ƙofofi ya tsaya a tsakiya, daidai inda kan mikiya zai kasance. Na ce ban yarda ba, ban jira shekarun nan don in gan ta a tsage biyu ba. Mai Gilashi ya ce to sai gilashi ɗaya babba daga wannan gefe zuwa wancan, ƙofa ta koma ta gefe. Hanya biyu ce. Ko na gama-gari, ya yanko gobe ya kafa jibi. Ko gasasshe, a aika awo masana'anta a jira layi, mako biyu, uku, wataƙila fiye.

Na ce na gobe. Auta ta ce gasasshe.

Na ce idona ne, ni na san abin da ya rage a ciki. Ta ce, "Baba, ƙofar banɗaki ma karo kake yi da ita. In ka faɗa kan wannan, wuƙaƙe zai zama. Kai kaɗai a gidan nan. Wa zai ji ka?"

Na ce mata abin da bai kamata ba, ba zan rubuta shi ba. Ta ɗauki jakarta, ta kai ƙofa, ta juyo. "Gara ka yi fushi da ni, da in zo in same ka cikin jini."

Mai Gilashi yana durƙushe yana ta ɗaure noti ɗaya da ya riga ya ɗauru. Da ta fita ya ce a hankali, "Baba, ni ma ina da irinta a gida. Ba a cin su a gardama."

An aika awo.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Bututun ya ƙara tsukewa, ko kuwa tsoro ne ke sa ni ganin haka. Na gwada da kalandar bango. Da ina ganin mako guda a jere daga kujerata, yau sai na motsa kai.

Na ɗaga zanen gado na zauna gaban ɗan sama jannati. A gilashin hularsa an zana wata 'yar ƙaramar duniya, shuɗiya, kamar ita yake kallo daga nesa. Ban taɓa lura ba sai yau. Da ido biyu ban gani ba, da rabin ɗaya na gani. Abin ya tsaya mini a rai har la'asar.

Asabar, 7 ga Oktoba

Auta ta zo da abinci a kula, ta ɗiga mini magani, ta gyara gado. Ba ta ta da maganar ba. Da za ta tafi na ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta ce amin, ta tsaya tana gyara igiyar jaka da ba abin da ya same ta.

Laraba, 11 ga Oktoba

Shiru daga masana'anta. Mai Gilashi ya leƙo wai ya zo gaishe da kaza. Ya gama katakon baya, ya ɗora wanda mikiya za ta zauna a kai, ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle a hankali. "In ya ɗauke ni, zai ɗauki kowace kaza a duniya."

Ina ta addu'a a kan gilashi. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah gilashi ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Gilashin ya iso jiya. Mutum uku suka shigo da shi a tsaye, ban gan shi ba sam, sai hannayensu a iska kamar masu ɗauke da babu.

Yau aka haɗa ta. Auta ta ɗauki hutu. Mai Gilashi ya shigar da jikin ta gefe ya zaunar. Ya ce yatsunsa sun yi kauri, Auta ce za ta sa fuka-fukan. Na ji numfashinta. Na ji ƙarfe ya shige, ƙyat. Sai na biyu. Aka rufe, aka kunna fitila. Auta ta ce, "Wayyo Allah, Baba." Mai Gilashi ya ce, "Na janye kaza."

Na ɗaga kai.

Ban ga komai ba sai wuta. Fitilar sama ta bugi madubin baya ta dawo cikin idona, komai ya zama farin hayaƙi mai zobe-zobe. Na kare da hannu. Na ga baki mai lanƙwasa. Na motsa kai, na ga gashi. Na ƙara motsawa, gashi. Ƙafa. Hannun ɗan mutumin. Gunduwa-gunduwa, kamar yadda take a kwali.

Suna jira in yi magana. Na ce ta yi kyau.

Auta ta san muryata. Ta ce, "Baba, me kake gani?" Na gaya musu gaskiya.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Mai Gilashi bai yi fushi ba, ko ya yi bai nuna ba. Ya cire madubin da ya sha wahalar kafawa, ya manna baƙin ƙyalle mara ƙyalli a bayan. Ya kashe fitilar sama, ya sa ƙanana biyu a ƙasa ta gefe, ya yi musu 'yar rumfa don kada su dube ni. Yana yi yana tambaya, "Yanzu fa, Baba? Yanzu fa?" kamar likita.

Hayaƙin ya tafi. Kowane gashi ya fito a kan baƙin nan kamar an zana shi da wuta. Kan mikiyar kaɗai ya isa mutum ya yini yana kallo. Idonta rawaya ne, kuma duk inda na matsa yana bina.

Amma ba ta shiga bututuna. Na ja kujera baya har bango, fiffike ɗaya da rabi. Falon ya ƙare. Kabad ya ishe ta, idona ne bai ishe ta ba, shi kuma ba mai ƙara masa katako ta baya.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan yau.

Da hantsi Mai Gilashi ya zo kwashe kayan aikinsa. Na ce bari in taka masa. Ba al'adata ba ce, rabon da in wuce dakalin ƙofata ba tare da Auta ba har na manta. Na riƙe sanda, muka fita, muka tsallaka 'yar hanyar har gaban shagon mai wanki inda ya ajiye babur. Muka yi sallama. Na juyo zan koma. Na bar ƙofar falo a buɗe.

Tana nan. Dukkanta.

Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, a cikin ƙofar, a cikin idona, ba abin da ya rage a waje. Rana ta shigo ta tagar gefe ta kwanta a bayanta. Gilashin ya ɓace, kabad ya ɓace, baƙin ƙyallen ya zama sarari mai zurfi. Ba a tsaye take ba ashe. Yanzu ta taka dutsen za ta tashi, fiffiken dama ya ɗan fi na hagu ɗagawa, kamar iska ta buge ta daga gefe tana gyarawa. Wannan ba a ganin sa a gunduwa. Wanda ya yi ta ya san iska. Ya taɓa tsayawa a wani wuri mai tsawo ya kalli tsuntsu har ya gane.

Ban san na zauna a kan bokitin mai wanki ba sai daga baya. Ban san ina hawaye ba sai da ta fara narkewa, na yi maza na share don kada in yi asarar kallo.

Mai Gilashi ya kashe babur ya dawo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Baba, ashe awon ba na kabad ba ne, na titi ne."

Na kira Auta da kaina. Na ce, "Na gan ta." Sai na ji ta rufe wata ƙofa a can inda take, sannan ta fashe da kuka.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Kowace safiya yanzu ina buɗe ƙofa in tsallaka. Mai wanki ya ajiye mini kujerar roba a daidai wurin, ya zana da'ira da alli a ƙasa don kada a gusar.

Matsalar ita ce mutane. Duk wanda ya ga tsoho zaune yana kallon ƙofar gidansa sai ya tsaya ya ga me ake kallo. Akwai wata nas da ke wucewa in ta taso daga aiki, akwai mai gyaran agogo na kan kwana. Jiya har gardama suka yi a kan ɗan mutumin da ke bayanta. Mai wanki ya ce ihu yake, "Dubi yadda ya shaƙe wuyanta, wannan satar hawa ya yi." Nas ta ce dariya yake, ita ta san fuskar mai jin tsoro, kullum ita take gani. Suka ce in raba. Daga nan ba na ganin fuskarsa, daga kusa kuma bakinsa a buɗe kawai yake. Na ce su shiga su duba, amma kada a taɓa gilashi. Suka cire takalma. Suka fito kowa na kan bakansa.

Surutu ya yi yawa. Ba don su nake fitowa ba, daga nan ne kawai take shiga idona.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Bakin fiffiken hagu ya fara fita daga bututun. Mai wanki ya ce a matsar da kujera baya, to bayan bangon shagonsa ne. Ya ce in ta kama zai fasa. Mahaukaci.

Na gan ta dai. Na gan ta sau da yawa. Na haddace ta kamar karatu.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Hadari tun asuba, ba rana. Na san ba za ta fito ba, a irin wannan duhun ƙofar kanta da ƙyar nake gane ta.

Na sa rigar sanyi na tsallaka. Mai gyaran agogo ya riga ni, ya kawo shayi a fulas da kofuna. Nas ta ce yau mikiyar kamar ta fi fushi, na ce haka take in za a yi ruwa. Ban san me ya sa na ce haka ba, ban ga komai ba.

Mun zauna har aka fara yayyafi. Da na shigo na tuna ban ko dubi wajen ƙofar sosai ba.

Gobe in gaya wa Auta ta sayo kujera biyu. Wadda nake zama a kai ta mai wanki ce, bai kamata a yi ta ɗora masa nauyi ba.